Sandunan Malam Tukuna

Duk wanda ya taɓa shiga falon Malam Tukuna ya fito da ƙulu a goshi ko da tambaya a baki, wasu ma da duka biyun. Falo ne babba mai faffaɗan tagogi, amma tun daga bakin ƙofa har bangon ƙarshe sanduna ne a tsaitsaye, kowacce ta tokare rufin kankare. Irin sandunan nan ne da magina ke kafawa kafin a zuba rufi, su riƙe katako da ɗanyen kankare har ya bushe ya yi ƙarfi, bayan 'yan makonni a zo da guduma a buge su a kwashe. Ko'ina haka ake yi. A gidan Tukuna kuwa sandunan sun ga haihuwar auta, sun ga aurenta, kuma suna nan daram ba inda suka je.

Abin haushin shi ne mutumin magini ne, ba kuma na wasa ba. Shi ya zuba rufin da hannunsa. Matarsa, wadda unguwa ke kira Mai Ɗinki saboda keken da take takawa tun tana amarya, abu ɗaya take nema a wurinsa duk tsawon zamansu: ranar da zai ɗauki guduma ya cire sandunan nan, ya ce ga aikina, na tsaya a kansa. Ta daɗe tana jira. A 'yan shekarun nan kuma ta fara faɗa wa kanta a asirce cewa in ranar ba ta zo ba, ba za ta tsufa a gidan ba.

Sunan Tukuna ba iyayensa suka raɗa masa ba, bakinsa ne ya jawo masa. Tun yana lebura yana ɗaukar kwanon siminti a ka, in aka ce masa a zuba, sai ya ce tukuna. A ɗaure rodi? Tukuna. Ka ci abinci? Tukuna. Maigidan da ya koya masa aiki ya ɗauka natsuwa ce, ya riƙa buga misali da shi a gaban sauran. Kuma gaskiya hannunsa na da kyau. Ya san yashi mai laka daga kallo, ba ya ha'incin siminti, rodi kuwa sai ya bi kowane ɗauri ya taɓa da yatsa. Babu ginin da ya taɓa yi ya tsage, balle ya rufta. Wannan ma ya kamata a faɗa, don kada wani ya ji tausayinsa ya ce ko wani bala'i ya taɓa gani a wurin aiki ya tsorata. Bai ga komai ba. Ko ƙusa ba ta taɓa soke shi da kirki ba.

Sai dai yana da wata ɗabi'a a aiki wadda aka daɗe ba a gano ba. Zai karɓi gini tun daga tushe, ya kai shi har rufi, ya tsaya a zuba kankare a gabansa, ya riƙa zuwa yana shayar da shi ruwa safe da yamma. Amma ranar cire sanduna, ranar da magini ke tsayawa a ƙarƙashin aikinsa ya ce a buge, sai ka neme shi ka rasa. Wata rana zazzaɓi, wata rana rasuwa a dangin da ba wanda ya taɓa jin labarinsu, wata rana kuma ya tafi duba wani aiki a bayan gari. Mai gini ya gaji da jira, ya samo wani ya cire. Washegari sai ga Tukuna ya ɓullo, ya ɗaga kai ya dubi rufin, ya girgiza kai ya ce, "To, tunda kun cire, shi ke nan. Ni dai da an tambaye ni, da an ƙara masa lokaci." In rufin ya tsaya, aikinsa ne. Da zai faɗi kuwa, ba shi ya ce a cire ba. A haka ya yi suna, har ya yi furfura.

Aurensa ma haka aka yi shi. Ya yi ta zarya ƙofar gidansu Mai Ɗinki har takalminsa ya san hanya, yana hira, yana kawo tsaraba, amma maganar aure ko da wasa. Sai da yayanta, wani direban babbar mota wanda ba ya tauna magana, ya tare shi a kan titi ya ce, "Kai, ƙanwata kake so ko bencin ƙofar gidanmu?" Tukuna ya ce ai magana ce babba, tana buƙatar nazari. Washegari ya tsiri tafiya, ya bar wa kawunsa saƙo mai harshen damo. Kawun ya gaji da kunya, ya je ya gama magana. Da Tukuna ya dawo ya tarar an sa rana, sai ya ce, "To, tunda manya sun yanke." Ita kuwa a lokacin yarinta na ɗibarta, ta ɗauka kunya ce irin ta mutanen kirki, har abin ya burge ta. Tana son sa, wannan ba ta taɓa musu ba.

Da ya tashi gina nasa gidan, sai dabararsa ta ƙare, don babu mai gini da zai gaji ya kira wani. Shi ne magini, shi ne mai gida. Aka zuba rufi, makonni suka wuce, watanni suka bi bayansu, mai gidan hayar da suke ciki ya ce su tashi. Tukuna ya ce su tare a haka, na ɗan lokaci ne, kafin kankaren ya gama kama jikinsa. Suka tare tana da tsohon ciki, tana ratsa sanduna a kaikaice.

Rayuwa a cikin sanduna sai wanda ya yi ta. Kujerun da aka kawo ta da su ba su shiga ba, suka ƙare a baranda rana da ruwa suka cinye su. Ledar ƙasa sai da aka yanka ta gunduwa-gunduwa aka zagaye gindin kowace sanda. A ɗakin kwana gado bai sami wuri ba, sai katifu biyu ƙanana aka shimfiɗa, layin sanduna ya ratsa tsakani, shi can ita nan. Yaran a jikin sanduna suka koyi tafiya, a jikinsu suka fasa goshi, a bayansu suka yi wasan ɓuya. Fanka ba ta ɗauru ba. Shara kuwa aiki ce ta rabin yini. Mai Ɗinki ta kafa ƙusoshi a jikinsu tana rataye yadin mutane, masu kawo ɗinki suna dariya suna cewa ai ita ta huta da sayen maratayi. Takan yi dariyar tare da su, in sun fita ta yi tsaki. Babban abin da ke ci mata rai shi ne babu inda za ta baje yadi ta yanka a miƙe, sai ta fita tsakar gida ta durƙusa a rana.

Shi kuwa gogan ko a jikinsa. Maimakon kunya, sai ya mayar da abin ilimi. A teburin mai shayin bakin layi yake baje kolinsa. Zai kurɓi shayi ya ajiye kofi ya ce, "Jama'a, mene ne tabbas? Ka ga fuskar kankare, ka ga cikinsa? Ka shiga ka ga yadda rodi ya kwanta bayan an rufe shi? Abin da bai faɗi jiya ba, wa ya ba ka tabbacin gobe? Ni fa mai hankali a wurina shi ne mai shakka. Wawa ne kaɗai ke cewa na tabbata." In an matsa masa sai ya ɗaga yatsa sama ya ce Allah ne masani. Maganar gaskiya ce, ba mai ja da ita, amma a bakinsa ta zama garkuwa, yana fakewa da ita duk lokacin da aka nemi ya ce eh ko a'a.

Akwai wani maƙwabcinsu, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, mai son karance-karance. Shi ya yi kuskuren da ya daɗe yana cizon yatsa a kai. Ran nan ya ji Tukuna na wannan bayani, sai ya ce masa ai wannan tambayar masana falsafa sun daɗe suna fafatawa a kanta, ko mutum na iya tabbatar da gobe daga abin da ya gani jiya. Shi ke nan, an ba Tukuna rawani. Ya kama kalmar falsafa ya rataya a wuya, ya shiga da ita gida, ya fita da ita kasuwa. In matarsa ta ce masa sanda ta yaga mata zane, sai ya ce, "Ke ba za ki gane ba, wannan magana ce ta falsafa."

Shakkar tasa kuwa mai zaɓe ce. Mutumin nan yana shiga motar haya bai taɓa tambayar wa ya gyara birkinta ba. Yana haɗiye ƙwayar da mai kemis ya miƙo masa a ƙullin leda. Yana hawa benen kasuwa wanda bai san wa ya zuba ba, ya zauna a ƙarƙashin wani rufin ya yi ciniki hankali kwance. Duk wannan bai taɓa motsa masa falsafa ba. Sai inda za a ce wane ne ya yi, wane ne ya ce, a nuna shi, nan ne kaɗai tunaninsa ke zurfi.

Malamin ya so ya gyara ɓarnarsa. Wata rana da yamma ya ce masa a gaban mutane, "Malam Tukuna, mutanen nan da na karanta, in sun gama shakkarsu sukan rufe littafi su hau bene su kwanta. Shakka amfaninta ta sa ka duba aikinka da kyau, kuma kai ka duba. Daga nan sai a yarda a yi gaba, ko da zuciya na ɗar-ɗar. Ban da haka ma, kai da kake shakkar kankare da rodi, me ya sa ba ka shakkar sanda? Ka shiga cikinta ka gani?"

Tukuna ya juya cokali a kofin da babu komai a ciki. Can ya ce, "Wannan ma abin dubawa ne, Malam. Tukuna dai." Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi, wai shi a dole ya ci muhawara.

Yara suka girma suka watse, auta ta yi aure, gidan ya rage daga shi sai ita sai sanduna. Wata safiya bayan ya fita aiki, Mai Ɗinki na shara a falo, gindin tsintsiya ya ɗan bugi wata sanda ta kusa da taga. Bugun da ko kyanwa ba zai kora ba. Sai sandar ta yi luu, ta kwanta a ƙasa, ta karye biyu, wani gari-gari ya zubo daga cikinta. Gara ta cinye ta tas, ɓawo ne kawai a tsaye. Katakon da take tokare da shi ma ya ɓanɓaro ya faɗo a bayanta.

Gabanta ya faɗi, ta dafe kai ta runtse ido tana salati. Ba abin da ya biyo baya. Da ta buɗe ido ta ɗaga kai, sai ta ga abin da ba ta taɓa gani ba tun da ta shigo gidan: fuskar rufinta. Kankare ne sumul, toka-toka, babu tsaga ko ta gashi, har zanen jikin katakon ya fito a kansa. Ta daɗe tana kallo. Wani irin alfahari ya kama ta da ba ta shirya masa ba, don aikin ya yi kyau, kuma mijinta ne ya yi shi. Hawaye ya zo mata.

Sai ta bi sauran tana taɓawa. Wannan tana lilo. Waccan ta rabu da rufin har hannu na shiga tsakani. Da yawansu babu abin da suke riƙewa, kansu ma da ƙyar. Ta jawo kujerar kekenta ta taka, ta leƙa saman wata da ta ji ta a matse. A nan ta ga guntun katako an cusa tsakanin sanda da rufi, sabo fil, ko ƙura bai yi ba. Ta duba ta gaba, haka. Ta gaba ma haka, wani tsoho, wani sabo, wani ma kwali ne aka ninke. Wato duk ranar da ta fita kai ɗinki, mutumin nan bin sandunansa yake ɗaya bayan ɗaya yana cusa musu abin da zai hana su faɗuwa. Ya sani. Magini ne, ya fi kowa sanin cewa sandar da ake tallafa wa da kwali ba ta riƙe bene. Rufin ya daɗe yana riƙe da kansa, shi kuma ya bar ta tana durƙuso a rana.

Alfaharin nan ya bushe nan take, wani abu mai ɗaci ya maye gurbinsa. Ba fushi ba ne, fushi ta sha yi ya wuce. Raini ne, kuma ba ta taɓa jin sa game da shi ƙarara haka ba.

Ba ta share garin ba, ba ta ɗauke karyayyar sandar ba. Da ya dawo da la'asar ya yi sallama, idonsa ya sauka a kan gurbin, ya tsaya cak da ƙafa ɗaya a ciki.

"Subhanallahi! Wa ya taɓa wannan?"

"Tsintsiya," in ji ta. Ta buɗe tafin hannunta ta nuna masa guntun katakon da ninkakken kwalin. "Maigida, wannan fa? Shi ma falsafa ce?"

Ya yi wuƙi-wuƙi, ya cire hula ya mayar. "Ai kiyayewa ce. Kin san itace yana motsi da zafi da sanyi."

"Tun yaushe ka san ba sa riƙe komai?"

"Sani kuma? Kin ji ki. Sani ai kalma ce mai nauyi. Ina zato dai, amma zato daban, tabbas daban. Wa zai iya rantsewa cewa a cikinsu babu guda ɗaya da take ɗauke da wani abu? In kuma ita ce aka cire fa?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta ce, "Kullum in na ɗora almakashi a kan yadin mutane, gabana sai ya faɗi. Na auna, na sake aunawa, na ja alli, amma ban taɓa tabbata ba. Sai in yi bisimilla in yanka, in ya ɓaci ni ce, in je in ba da haƙuri. Da zan jira ranar da gabana zai daina faɗuwa, da yaranka tsirara suka tashi. Kai ma da na aure ka, wa ya ba ni tabbas? Yarda na yi na shigo."

"Yadi daban, bene daban."

"Haka ne. Shi ya sa aka ba ka guduma ni aka ba ni almakashi."

Ya tsuguna ya tattara garin da hannunsa, yana ta mita a kan gara da masu sayar da itacen banza.

Labari ya kai kunnen yayanta, wanda yanzu ya ajiye tuƙi, ya tsufa amma bakinsa bai tsufa ba. Ya zo washegari da hantsi lokacin Tukuna ba ya nan, ya shiga falon yana ture sanduna da sandar hannunsa suna rawa.

"Wannan ai wulaƙanci ne," in ji shi. "Bari in samo leburori biyu yanzu-yanzu, kafin ya dawo sun kwashe wannan shirgi. Ya zo ya tarar da falo fes, in ya so ya mutu da falsafarsa."

Har ta buɗe baki za ta ce to. Ta hango falon a ranta, fili guda, ta baje yadi daga bango zuwa bango. Sai kuma ta hango shi yana shigowa, ya ɗaga kai, ya girgiza, ya ce to, tunda kun cire. Abin da yake jira ke nan tun ranar da suka tare. Watakila ma da tsintsiyar ta ƙarasa aikin da ya fi kowa murna.

"A'a, Yaya," ta ce. "Kowa ya cire masa. Masu gini sun cire masa, kawunsa ya cire masa, kai ma ka taɓa cire masa. Wannan karon shi zai cire, ko kuma ya zauna da abinsa shi kaɗai."

Yayan ya dube ta da kyau, ya ga ba wasa a fuskarta. Ya ce, "Ɗakin bayan nan na gidana babu kowa a ciki. Rufin kwano ne, yana ɗan yoyo ta kusurwa, amma ba sanda ko ɗaya."

Ranar da babu aiki, bayan sun karya, ta ɗauko gudumarsa daga buhun kayan aiki ta ajiye masa a cinya. Ta shimfiɗa tabarma a tsakiyar falon, daidai ƙarƙashin inda katakon ya faɗo, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta ɗauko wata riga tana mata kalmasa da allura.

"Maigida, ni na ga aikinka, na yarda da shi. Ban shiga cikin kankaren ba, ban ga rodin ba, amma na san hannun da ya ɗaure shi. Ga ni a ƙarƙashi. Tashi ka cire. In ka cire yau, ni da kai har mutuwa, duk abin da ya wuce na yafe. In ba ka cire ba, Yaya ya share mini ɗaki."

Ya dubi gudumar, ya dube ta. Ya fara da cewa ai ba a gaggawa a irin wannan, ta yi masa banza. Ya ce damina ta kusa, a bari ta wuce, ta ci gaba da ɗinkinta. Ya kawo maganar tabbas da zato, ta ciji zare ta tofar. Da ya ga duk ƙofofin sun rufe, sai ya miƙe. Ya je gaban sandar da ke kusa da ita, ya gyara tsayuwa irin ta wanda ya san aiki, ya auna inda zai buga, ya ɗaga gudumar.

Tsoron rufin ya ɗan taɓa ta, ba ta musu, amma murna ta fi yawa. Ta ji son da ta yi masa a ƙofar gidansu yana neman dawowa, har ta ji kunyar rainin da ta yi masa. Ta ce a ranta ko da zai ce ta tashi ta fita waje tukuna don kada wani abu ya same ta, ba za ta ji haushi ba, za ta san tsoron nan na shekara da shekaru saboda ita ne.

Sai ya sauke hannu. Ya ce, "Ina zuwa." Ya fita da gudumar.

Bai daɗe ba ya dawo, tsohon malamin makarantar na biye da shi yana gyara tabarau, bai san me ake ciki ba. Tukuna ya tsayar da shi a bakin ƙofa, ta waje, inda rufin bai kai ba. Ya yi gyaran murya.

"Malam, na kira ka ne ka zama shaida. Ga ta nan, ita ta matsa a cire. Ni ban ce lokaci ya yi ba. Ke kuma ki maimaita a gabansa cewa ke kika ce, kuma ke kika zaɓi ki zauna a nan da kanki. Don in wani abu ya faru, kada gobe a ce ni ne."

Malamin ya sunkuyar da kai, kunyar da mai ita bai ji ba ta kama shi.

Mai Ɗinki ta soke allurar a jikin rigar. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta dube shi tsaye da guduma, furfura har a gira, yana jiran ta maimaita. Bai ce ta matsa daga ƙarƙashin rufin ba. Ko a bakinsa bai zo ba. In rufin zai sauko mata a ka, ya sauko, muddin akwai wanda ya ji cewa ita ta ce.

Ta ninke rigar, ta naɗe tabarmar, ta ce, "Malam, ka yi haƙuri an taso ka a banza. In ba damuwa, ka tsayar mini da mai kura a bakin layi."

Kayanta ba su da yawa, gidan bai taɓa ba ta wurin tara kaya ba. Ta sauke yadin mutane daga ƙusoshi ta ƙulle a zane. Mai kura da malamin suka kama keken ɗinkin suka ratsa da shi ta tsakanin sanduna, Tukuna na binsu yana cewa a yi a hankali kada a goga. Ya biyo ta har tsakar gida yana faɗin ai magana ba ta ƙare ba, bai ce ba zai cire ba, shi dai a bi komai a kan tsari. Ba ta waiwaya ba, shi ma bai wuce tsakar gidan ba.

Suna ɗaure kaya a ƙofar gida sai ta ji ƙarar guduma daga ciki. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Ta tsaya da igiya a hannu. Duk da abin da ta gani da idonta, sai da wani abu ya motsa a ƙirjinta, ta ji haushin kanta a kan haka.

"Malam," ta ce a hankali, "don Allah leƙa mini."

Tsohon ya koma ciki yana jan ƙafa. Ya ɗan jima, sannan ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, ya ƙi haɗa ido da ita.

"Wadda kekenki ya goga ce," in ji shi. "Yana ƙara matse ta."

Ta ƙarasa ɗaurin, ta ja igiyar ta ji ta kama. Ta ce wa mai kura su tafi, ya bi ta gefen inuwa saboda yadin mutane.